Sanyin da ke tona asirin siffar ƙwayoyin sinadari

Duk lokacin da haske ya shiga ido, wata ƙwayar sinadari mai suna retinal takan miƙe daga lanƙwasarta. Wannan miƙewar ce mafarin gani, kuma tana kammaluwa cikin kusan kashi 1 cikin tiriliyan 5 na daƙiƙa guda.

Retinal na cikin dangin sinadaran da zarrar kabon ɗinsu ke jere kamar sarƙa, haɗi guda na bin haɗi biyu, bi da bi. Wannan tsari ne ke ba su damar shan haske, shi ya ba karas launinsa. Sai dai aikin kowace ƙwaya ya dogara ne kan yadda ta lanƙwashe ko ta murɗe.

Gano siffar ke da wuya. A zafin ɗaki ƙwayoyin ba sa zama wuri ɗaya: suna juyi, suna karkarwa, suna karo da juna. Idan aka haska su, sakamakon sai ya fito a cakuɗe, kamar hayaniyar kasuwa.

A tsakiyar shekarun 1970, Richard Smalley da Lennard Wharton da Donald Levy na Jami'ar Chicago a Amurka suka samo mafita. Sukan gauraya tururin sinadarin da iskar hiliyom, su feso shi ta ƙaramar huda zuwa cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa. Kamar yadda iskar taya ke fitowa da sanyi, haka feshin ke hucewa nan take, har ya doshi digiri 270 ƙasa da sifili. Ƙwayoyin ba sa dunƙulewa su zama ƙanƙara, kowace na tafiya ita kaɗai a natse. Nan ake auna ta da hasken leza, kowace siffa ta nuna tata alamar daban.

Da wannan dabara tawagar Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, ta auna saurin murɗewar ƙwayar stilbin a cibiyar Caltech, murɗewa mai kama da ta retinal. Zewail ya ci kyautar Nobel a 1999 saboda nazarin sauye-sauyen sinadarai masu tsananin sauri.

Amfanin bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Masu ƙirƙirar magunguna da sinadaran fuskar waya irin ta OLED na dogaro da lissafin kwamfuta wajen hasashen siffar ƙwaya. Awon da aka yi cikin wannan sanyi na daga cikin ma'aunan da ake gwada lissafin da su, domin in lissafi ya kuskure siffar, abin da aka gina a kansa ma ya kuskure.