Shin Ko Kun San Zoɓo Na Iya Gwada Ruwa?

Shin ko kun san zoɓon da ake sayarwa a ƙulle a bakin titin Hotoro kayan gwajin kimiyya ne? Jan launinsa daga wani sinadari yake, antosayanin, wanda ke sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi.

Ku jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ku tace, ku sirka har ya yi haske, ku raba shi a kofi uku na gilashi. A matsa lemon tsami a na farko: ja zai ƙara fitowa jawur. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu: nan take zai dushe, ya koma kore mai duhu. Na uku a bar shi don kwatance. Iyayenmu mata da ke jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami sun daɗe suna wannan aikin a tukunya.

Wannan sauyin launi na nuna ƙarfin tsami ko kanwa ne, abin da ake aunawa da ma'aunin pH, wanda daga 0 yake zuwa 14. Tsantsar ruwa na kan 7, tsami na ƙasa da haka, dangin kanwa, toka da sabulu na sama. Wani masani ɗan Denmak, Sorensen, shi ya ƙirƙiro shi a 1909.

Kurkur ma na yin irin wannan gwajin, amma ɓangare ɗaya: tsami ba ya taɓa shi, sabulu kuwa na mai da shi ja. Shi ya sa tabonsa a farar riga ke rinewa da an zo wanki. Jan kabeji ya fi su duka launuka, in an dace da shi a kasuwar Yankaba.

Abin ya shafe mu a Kano. Masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa na amfani da sinadarai masu kaifin kanwa wajen cire gashin fata, sannan masu tsami daga baya. Dagwalon Bompai kuma ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa. Ina ma malaman makarantu za su nuna wa yara wannan gwaji da ruwan unguwarsu!

Sai dai a kiyaye: zoɓo ba ya gano kuromiyam ɗin da ake jima da shi, balle ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake shakkarsa, ɗakin gwaji za a kai.