Igwar iska: abin da za ka sani kafin ka sayi fayif

Yau hirar tamu ta masu son ƙere-ƙere ce: igwar da ake haɗawa a gida, wadda ba ta amfani da albarushi ko wuta, sai iskar da aka matse kawai.

Duk wanda ya taɓa cusa ɓawon lemo a bakin bututun biro, ya tura da tsinke ya ji "fat!", to ya riga ya san dabarar. Iska idan ka matse ta, neman hanyar fita take yi. Tun a 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan ka rage wa iska rabin wurin da take ciki, matsinta zai ninka, muddin zafinta bai canja ba. Ka toshe bakin sirinji da yatsa ka danna, za ka ji yana turo ka baya.

Igwar iska sassa uku ce: tankin da ake tara iska da famfon keke, bawul, sai bututun da ake saka abin harbawa, kamar ƙwallon soso. Yawancin masu farawa suna ɗauka yawan iska shi ne komai. Ni kuwa a ganina bawul ne zuciyar aikin. Idan a hankali yake buɗewa, iskar za ta sulale kaɗan-kaɗan, ƙwallon ya faɗi a gabanka. Idan ya buɗe lokaci guda, da iska kaɗan ma za ka sha mamaki. Tsawon bututun shi ma sai ya dace da girman tankin. In ya yi tsawo da yawa, iskar za ta ƙare ƙwallon bai kai baki ba.

Kuma ba wasan yara kaɗai ba ne fa. A jihar Delaware ta Amurka, tun 1986 aka fara gasar jifa da kabewa, daga baya manyan igwoyin iska suka shigo ciki. Masu ƙera jiragen sama ma da irin wannan igwa suke harba matacciyar kaza a gilashin jirgi, don su ga ko zai jure karo da tsuntsu.

To, yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Bidiyoyi da yawa a YouTube suna nuna tankin da aka yi da fayif ɗin roba na PVC, irin na masu aikin famfo. Don ruwa aka yi shi, ba don iska ba. Ruwa kusan ba ya matsuwa, shi ya sa idan fayif ɗin ruwa ya tsage, tsiyaya kawai za ka gani. Iska kuwa ajiye ƙarfi take yi kamar sifirin, fayif ɗin yana gazawa sai ya tarwatse, tsinin roba ya watsu ko'ina. Tun 1988 hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. Ga shi kuma rana tana sa PVC ya bushe ya yi saurin fashewa, kun dai san ranar garinmu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Iskar tayar ƙaramar mota kamar ba 2 ce, wato kusan kilo 2 a kan kowane murabba'in santimita. Murfin fayif mai faɗin santimita 10, nauyin da ke tura shi ya haura kilo 150. Buhun siminti uku ke nan, a kan murfin da gam ne kawai ke riƙe da shi, a daidai fuskarka.

Saboda haka in dai za ka yi, tankin ya zama na ƙarfe wanda aka ƙera don iska, da geji a jiki, ka sa tabarau na kariya, kada kuma ka saita mutum ko dabba, ko da babu komai a ciki. Wani abin kuma: a halin tsaron da muke ciki, matashi riƙe da dogon bututu mai ƙara ba lallai a tsaya jin bayaninsa na kimiyya ba. Ka yi gwajin a filin makaranta, da sanin malami, da rana tsaka.

Wanda kuma bai taɓa haɗa komai ba, ya fara da roket ɗin robar lemo: ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshiya, famfon keke da dogon tiyo, ka tsaya nesa. Shi za mu haɗa a shiri na gaba, ku tanadi roba mai lita ɗaya da rabi.