Gadar Anacha da Asaba: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Ran a Bauchi ya san kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin manyan ayyukan da ya buɗe a ƙarshen rayuwarsa yana can Kudu, a kan Kogin Kwara ba. Ita ce gadar da ta haɗa Anacha ta Jihar Anambra da Asaba, babban birnin Jihar Delta.

Garuruwan nan biyu suna kallon juna, ruwa ne kawai a tsakani. A da, sai da jirgin fito ake ƙetarawa, mota da kaya duk su yi ta jiran layi a bakin gaɓa. Kamfanin Dumez na Faransa ya gina gadar da ƙarfe, tsawonta kusan kilomita 1.4, aka gama a 1965. Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta ana saura makonni kaɗan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe shi. Allah ya jiƙansa. A lokacin babu jihohi, iyakar Yankin Gabas da na Tsakiyar Yamma gadar ta ratsa.

Ko shekara biyu ba ta yi ba yaƙin basasa ya ci ta. A Oktoban 1967 sojojin Biyafara da ke ja da baya suka fasa wani ɓangarenta, don kada dakarun Murtala Muhammed su bi su. Dole aka koma ƙoƙarin ƙetarawa ta jiragen ruwa, aka kuwa yi asarar rayuka masu yawa, Anacha ba ta faɗa hannun gwamnati ba sai a 1968. Bayan yaƙi aka gyara gadar.

Daga nan sai matsalar cunkoso. Anacha gari ne na kasuwa, 'yan Arewa masu fataucin shanu, albasa da tumatir sun san ta sarai, kuma gada ɗaya ta yi wa motocin kaɗan. Lokacin Kirsimeti direba kan shafe sa'o'i bai motsa ba. Gwamnatoci sun yi ta alkawarin gada ta biyu, har abin ya zama waƙar kamfe. A ƙarshe kamfanin Julius Berger ya gina ta can ƙasa da tsohuwar, tsawonta kilomita 1.6, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki. Tsohuwar ma tana nan tana ɗaukar motoci.