Mamman, Mamane, Mamadu: Suna Ɗaya, Kowa da Hanyarsa

Duk wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ɗaga murya ya ce "Mamman!", to ya shirya ganin mutane da dama sun waiwayo. Haka abin yake a Illela da Birnin Ƙonni da Jibiya. Asalin sunan Muhammadu ne, sunan Manzon Allah (SAW), bakin jama'a ne ya mayar da shi Mamman a nan, Mamadu a can, Mahaman a wani wuri. Sai dai masu amsa shi kowa da inda rabonsa ya kai shi.

Mu fara da wanda ya san wahalar kasuwa. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, da tallar goro da alewa ya fara neman na kansa kafin kalangu ya ɗauke shi. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da manoma da 'yan kasuwa. Bai zauna aji ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1999, har yau kuwa tashoshin rediyo na ɓangarorin iyaka biyu ba su daina sa waƙoƙinsa ba.

Takwaransa Mamman Jiya Vatsa shi ma mawaƙi ne, amma da alƙalami, da Turanci, cikin kakin soja. Ya kai Manjo Janar, ya riƙe ministan Abuja. A watan Maris na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, abokinsa na ƙuruciya, ta harbe shi bisa zargin shirya juyin mulki. Unguwar marubuta da ke Abuja sunansa take ɗauke da shi yanzu.

A Nijar akwai Malam Maman Barka, ɗan Tesker, malamin lakwal da ya ajiye alli ya ɗauki gurmi. Daga baya ya tafi bakin Tafkin Cadi wajen tsoho Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsarkiya biyar da ke gab da ɓacewa, ya kai shi har Turai. Ya rasu a Yamai a 2018.

Fagen mulki ya fi ba da mamaki. Mahamane Ousmane ya hau a 1993, Tandja Mamadou a 1999, Mahamadou Issoufou a 2011, Mohamed Bazoum a 2021. Duk takwarori ne, amma Tandja tsohon soja ne, Issoufou injiniyan ma'adinai, Bazoum malamin falsafa, kuma sun sha zama abokan adawar juna. Uku daga cikinsu sojoji ne suka sauke su. Daga 2015 zuwa 2021 ma, da Abuja da Yamai duk hannun Muhammadu suke, wato Buhari da Issoufou.

To ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Da ruwansa, domin a harkar bashi da aike suna shi ne jingina. Mutanen da sun san suna kaɗai bai isa ba, shi ya sa ake cewa Mamman mai goro, Mamman direba, Mamman ɗan canji, ko a haɗa mutum da garinsu. A kasuwa laƙabin ya fi sunan yanka aiki. Matsalar ita ce takarda ba ta san laƙabi ba. Ita abin da aka rubuta take gani.

Rubutun kuwa iri biyu ne. Wanda magatakardan Nijar ya rubuta da ƙa'idar Faransanci Mamane Ousmane, a Najeriya Mamman Usman ne. Issoufou shi ne Yusuf, Aboubacar shi ne Abubakar, Souley shi ne Sule. Ta haka mutum ɗaya kan zama biyu a idon jandarma ko ma'aikacin duwan, mutum biyu kuma su zama ɗaya a littafin mai bin bashi. A ganina kuskure na biyun ya fi muni: na farko jinkiri yake jawowa, na biyu kuwa yana iya sa a riƙe kayan wanda bai ci bashin kowa ba.

Saboda haka mai aika kuɗi ya nemi a karanta masa sunan harafi-harafi yadda yake a katin ɗan ƙasa na mai karɓa, ba yadda ake kiransa a rumfa ba. Mai ba da kaya bashi, ko na jikka goma ne, ya rubuta suna da sunan uba da gari da lambar waya. Wanda kuma yake da takardun ƙasashen biyu ya duba ko rubutun ya zo ɗaya tun kafin ranar da zai tsaya gaban shinge da mota cike da kaya.