Jirgin Kwal a Zariya: Ƙuruciyarmu a Gefen Layin Dogo

Gabatarwa

Duk wanda aka haifa bayan shekarar 1980 a ƙasar nan, da wuya a ce ya taɓa ganin kan jirgin ƙasa mai cin kwal yana tafiya. Mu kuwa da muka yi ƙuruciya a Sabon Garin Zariya cikin shekarun 1960, da kukansa muke kwana, da shi muke tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ne a loko, wato wurin da ake ajiye kawunan jirage ana yi musu hidima. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa 'yan baya yadda wannan jirgi yake aiki, da yadda bukatarsa ta kwal da ruwa da ƙarfin mutane ta tsara rayuwar unguwannin da ke kewaye da tasha.

Zuwan layin dogo

A shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara. Layin ya ratso ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911, tsawon kimanin mil 350. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko, sai dai a Jebba a kan jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu har zuwa 1916 da aka buɗe gada. Burin Turawa shi ne auduga, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, daga nan aka samu dalar gyaɗa da ta shahara.

Zariya ta zama mahaɗa. Ban da babban layin Kaduna zuwa Kano, a 1914 an gama wani siririn layi da ya tashi daga Zariya zuwa ƙasar Jos domin kwaso kuza, wanda aka rufe a 1957, kafin a haife ni. A 1929 kuma layin Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Saboda haka ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kudu da Arewa, Sabon Gari ta cika da Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa baƙi irin iyayenmu.

Yadda kan jirgi yake aiki

Idan mai karatu ya taɓa lura da murfin tukunya yana rawa lokacin da ruwa ya tafasa, to ya ga asalin abin. Kan jirgi doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, cike da ruwa, da murhu a bayanta. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwan ya tafasa ya zama tururi. Direba yana sakin tururin zuwa wasu gangunan ƙarfe da ke gefen jirgin ta gaba, tururin ya riƙa tura wani ƙarfe gaba da baya, shi kuma ya motsa dogayen sandunan da ke juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, yana jawo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Wannan fitar ita ce "cuku-cuku" ɗin da yara ke kwaikwayo.

Mutum biyu ne a kan jirgin: direba da fayaman. Aikin fayaman shi ne zuba kwal da shebur, ba kuma jibgawa kawai yake yi ba, sai ya watsa shi daidai ko'ina cikin murhu, yana kuma duban gilashin da ke nuna yawan ruwa, domin idan ruwa ya yi ƙasa ƙwarai tukunya tana iya fashewa. Idan kwangiri ya jiƙe da raɓa ko ruwan sama ƙafafu suna zamewa, sai direba ya saki rairayi a gabansu. Da yawa daga cikin kawunan da muka sani an ƙera su ne a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an kuma lanƙaya musu sunayen koguna a jikin faranti, waɗanda muke gasar karantawa da muka shiga firamare.

Kwal da ruwa da mutane

Kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, inda aka gano shi a 1909. Layin Gabas ya haɗu da na Arewa ta Kafanchan da Kaduna cikin shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Ke nan duk wutar da ke ci a lokon Zariya, wani ne ya shiga rami ya haƙo ta a ɗaruruwan mil daga nan. Ruwa kuwa jirgi yana shansa fiye da kwal, shi ya sa aka kafa manyan tankuna a tashoshi, kuma da rani ƙarancin ruwa babbar matsala ce a Arewa.

Kan jirgin da ya huce yakan ɗauki sa'o'i kafin ya tara tururi. Don haka mahaifina yakan fita tun kafin kiran assalatu, ya dawo baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai idanu da haƙora. Akwai masu hura wuta, da masu kwashe toka, da masu loda kwal, da masu wanke tukunya, da masu zuba mai, ga leburorin hanya da ke bin kwangiri a ƙafa suna ɗaure ƙusoshi, suna kuma share ciyawa da kaka don kada tartsatsi ya tayar da gobara a gonakin mutane. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da iyali, kuma kowane iyali yana ciniki da wani. Ranar da aka biya albashin reluwe, har mahauta da teloli a kasuwar Sabon Gari sai sun san an biya.

Rabon yara

Mu yara muna da namu rabon. Inda ake zubar da toka mukan je da tsofaffin kwanoni mu tsinto ragowar kwal da bai gama cinyewa ba, mu kai wa iyayenmu mata su yi girki, ko mu sayar wa maƙera. Idan aka yi dace da fayaman mai kirki, yakan tsiyaya mana ruwan zafi a bokiti lokacin hunturu. Akwai kuma ɓarna: mukan ɗora kwabo mai huji a kan kwangiri, jirgi ya bi ta kai ya mayar da shi faifai. Ranar da mahaifina ya kama ni, bai yi maganar kwabon ba. Sai da ya gama zane ni sannan ya ce: "Kai yaro, jirgi ba ya kauce wa kowa, kai ne za ka kauce masa." Ya taɓa kwashe gawa daga kan layi, ban san haka ba sai da na girma.

Agogo bai wadata ba a lokacin, saboda haka usur ɗin jirgi da jiniyar loko su ne agogon unguwa. Hannun sigina na sauka, sai 'yan talla su ruga bakin tasha da ƙosai da dafaffen ƙwai da rake da fura, ana miƙawa ta taga, ana jefo kwabo da sisi. Wanki kuwa ba a shanya shi ta inda iska ke kaɗo hayaƙi, kuma babu yaron da ɓurɓushin kwal bai taɓa faɗa masa a ido ba. A wajen wasa muka koyi gaisuwa da ƙirga da Yarbanci da Ibo, su kuma 'ya'yansu suka iya Hausa kamar mu.

Ƙarshen zamanin

Tun daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara shigo da kawuna masu amfani da man dizal, waɗanda ba su bukatar tanki a hanya ko leburorin toka. Sai kuma rikicin 1966. Ina ɗan shekara takwas na ga maƙwabtanmu Ibo sun cika tasha da 'yan ƙunshin kayansu, cikinsu har da yaron da muke zama benci ɗaya a aji. Jirgin da ya haɗa mu shi ya tafi da su, ban sake jin labarinsa ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal ɗin Inugu, abin da ya gaggauta komawa ga dizal. Cikin shekarun 1970 aka yi ta jingine kawunan kwal ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da manyan motoci suka karɓe dako, fari da cutar gyaɗa kuma suka rushe dala. Mahaifina ya ƙarasa aikinsa ne a matsayin maigadi.

Kammalawa

Jirgin ƙasa ya dawo da sabuwar kama tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, amma wancan zamani na kwal ya tafi ke nan. Takardun Turawa sun adana shekarun da aka shimfiɗa layi da nauyin gyaɗar da aka ɗauka, amma ba su adana sunan mai kwashe toka ko mai tallar ƙosai ba. Waɗanda suka yi aikin da hannunsu saura ƙalilan, mu da muka gani da ido kuma mun doshi saba'in. Ya kamata hukumomin tarihi da sassan tarihi na jami'o'inmu su ɗauki muryoyin waɗannan dattawa tun suna raye, su tattara hotuna da katunan aiki da fitilun sigina da ke jibge a gidaje, su kuma killace tsofaffin tankuna da gine-ginen tashoshi kafin masu sayen tsohon ƙarfe su riga su. Ni dai shebur ɗin mahaifina yana nan a wurina, a shirye nake in miƙa shi ranar da aka tanadi wurin ajiyewa.