Rijiyar da Kowa ke Ɗiba, Ba Mai Yasa

Tun da labarin xz ya fasu a ƙarshen Maris na 2024, masu sharhi suka samu abin faɗa: wai manhajar da kowa ke iya leƙa cikinta ba abar amincewa ba ce. Sun ji ƙarar, amma ba su gano inda ta fito ba.

xz Utils 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, kusan duk kwamfutar da ke aiki da Linux tana ɗauke da ita. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana taya aiki, har aka sakar masa ragama. Sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi damar kutsawa cikin manyan kwamfutocin duniya. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Da manhajar a kulle take, da ina zai fara bin sawun?

Masu binciken tsaro ma da irin waɗannan kayan suke aiki. Nmap na binciko ƙofofin da aka bari a buɗe tun 1997. Wireshark, da ya fara da sunan Ethereal a 1998, na nuna abin da ke kai-komo a cikin sadarwa. A 2019 hukumar NSA ta Amurka ta saki Ghidra ga kowa, a 2021 kuma Amnesty International ta fitar da MVT, mai gano alamun manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyi.

Abin da ba a son magana a kai shi ne mai riƙe da igiyar gugan. Shekara da shekaru Lasse Collin kusan shi kaɗai yake kula da xz, a lokacin hutunsa. A 2022 ya fito ya ce ya gaji, wasu baƙin sunaye kuma suka yi ta matsa masa ya nemi mataimaki. Ta nan ɓarawo ya shigo. Ba wannan ne farau ba. Da matsalar tsaro ta Heartbleed ta ɓulla a Afrilun 2014 a cikin manhajar OpenSSL, mai tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, aka gano gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Kamfanoni na tara biliyoyi a kan gumin 'yan sa-kai, sai ruwa ya gurɓace a tuna da mai rijiya.

Mu ma muna cikin masu ɗiba, domin duk wayar Android da ke aljihunmu a kan Linux aka gina ta. Me muka mayar? Ɗalibin kimiyyar kwamfuta bai kamata ya karɓi digiri ba sai ya gyara ko da kuskure ɗaya a irin wannan manhaja, wasu sun duba sun amince. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da bankunanmu su ware kuɗi su ɗauki nauyin matasa masu wannan aiki, ba taron bita a otal ba. Mun san gayya tun kaka da kakanni, kuma mun san sunan da ake kiran wanda ke zuwa cin tuwonta bai riƙe fartanya ba.