Gargaɗi ga Masu Riƙe da Bindiga a Katsina: Ƙarfe Yana Cin Ƙarfe

Jama'ar birnin Katsina da kewaye, musamman mafarauta, 'yan sintiri, 'yan sa-kai, maƙera da masu walda, da duk maigidan da ya jingine bindiga a bayan ƙyaure, a saurara da kyau. Bindigar da ake ɗura wa ƙusa, boris ko guntun rodi tana iya tarwatsewa a hannun mai ita, ta tsinke masa yatsu, ta tsiyaye masa ido, ko ta kashe shi nan take. A daina yau, kada a jira gobe.

Kowa ya san abin da ya kawo mu nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, makami ya yawaita a hannun mutanen da ba su taɓa koyon sarrafa shi ba. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu, kuma a watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Wanda ya shiga runduna ya samu horo. Wanda ya sayi bindigar toka a ɓoye, babu mai gaya masa abin da ke faruwa a cikin bututunta duk lokacin da ya ja kunama.

Ga abin da ke faruwa. Harsashin kirki dalma ce a ciki, an yi mata riga ta jan ƙarfe. Dukansu sun fi bututun bindiga laushi, don haka harsashin ne ke lanƙwasa ya bi hanyarsa, bututun ya tsira. Amma akwai harsashi mai araha wanda rigarsa ta baƙin ƙarfe ce, an shafa mata jan ƙarfe sama-sama. Irinsa Tarayyar Sobiyet da Sin suka ƙera da yawa domin AK-47. A ido ba a bambanta su, sai an kanga mayen ƙarfe a tsininsa an ga ya manne.

Shin wannan harsashi yana cinye cikin bututu da sauri? Ƙwarai kuwa. A 2013 wani kamfanin sayar da harsashi a Amurka, Lucky Gunner, ya wallafa gwajin da ya yi da bindigogi huɗu iri ɗaya. Wadda aka harba wa harsashi mai rigar jan ƙarfe ta kai harbi 10,000 tana samun abin da aka auna. Biyu daga cikin waɗanda aka harba wa mai rigar baƙin ƙarfe kuwa, wajen harbi 6,000 cikinsu ya riga ya suɗe. Zafi ma yana da nasa rabo, domin harbi ba ƙaƙƙautawa yana ƙona mafarin bututu fiye da komai.

To, a tsaya a yi tunani. Waɗannan bindigogin masana'anta ne, an ƙera su da zaɓaɓɓen ƙarfe, an gwada su kafin su fito kasuwa, amma ƙarfe ya cinye su. Ina ga bindigar da aka haɗa da bututun ruwa, mai ɗinkin walda daga sama har ƙasa? Dalma tana matsewa ta fita. Boris da ƙusa ba sa matsewa. Suna karce ciki kamar zarto, wata rana su cije a tsakiya, ƙarfin albarushi ya rasa mafita, sai ya fasa ta gefen da ya fi rauni. Wannan gefen kuwa yana daidai hannun hagu da fuskar mai harbi. Haka nan duk wanda ya cusa harsashin soja a bindiga ƙirar gida, ya sa mata ƙarfin da ba za ta iya ɗauka ba.

Tsatsa ita ce maƙiyi na biyu. Tsohon harsashin soja da albarushin toka suna barin gishiri-gishiri a ciki bayan harbi, shi kuma ya jawo laima. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, kwana kaɗan ya isa tsatsa ta fara haƙa ramuka inda ido ba ya gani. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga, ko zanzaro ya yi gini a ciki. Bututun da ya toshe, harbi ɗaya ya ishe shi.

Haɗarin bai tsaya kan mai bindiga ba. Ƙarfe idan ya bugi dutse, siminti ko ƙofar ƙarfe, yakan yi tsalle ya koma inda ba a nufa ba. Yakan kuma yi tartsatsi ya kunna busasshiyar ciyawa ko kara. A unguwanni masu cunkoso irin su Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa, harbin sama a wajen biki ko murnar sallah ganganci ne da rayukan yara, domin abin da ya tashi sai ya sauko.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ya ajiye bindigar, kada ya sake harba ta: kumburi ko tsaga a jikin bututu, hayaƙi yana fita ta wurin walda, kwanso yana maƙalewa ko yana fitowa a fashe, ko ƙarar harbi ta fito da rauni ba kamar yadda aka saba ba. Wannan na ƙarshe yana nufin wataƙila harsashin bai fita ba. Kada a leƙa bakinta da ido, kuma kada a ƙara ɗuri a kan ɗuri.

Maƙera da masu walda, ku ji tsoron Allah. Bututun da ya tsage ba ya gyaruwa da faci, kuma jinin wanda ya mutu da aikin hannunku ba zai tafi a banza ba. Dokar makamai ta ƙasa, tun 1959, ta hana ƙera bindiga ko riƙe ta ba tare da lasisi ba. Wanda yake da lalatacciya, ko ya tsinci harsashi a gona ko a daji, ya sanar da mai unguwa ko dagaci a kai wa 'yan sanda. Kada a jefa harsashi a wuta, kada a buga shi da guduma, kada a bar shi inda yara za su kai.

Idan tsautsayi ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zare ƙarfen da ya nutse a jiki, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. A garzaya Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya ya karɓi mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, don haka tsoro kada ya sa a ɓoye shi a gida har raunin ya ruɓe.

Malamai su faɗa a masallatai, shugabannin mafarauta da na 'yan sintiri su duba makaman yaransu ɗaya bayan ɗaya kafin fita ta gaba, iyaye mata su ja kunnen 'ya'yansu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya.